Amarya, fito da inhelar daga akwatin lefe

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 23, wata bakwai da aurena, muna zaune a Rijiyar Zaki. Ina da asma tun ina firamare. Da maganar aurena ta taso Umma ta ce kada a faɗa wa dangin miji, saboda an taɓa fasa auren wata 'yar maƙwabtanmu a kan haka. Har yau maigida bai sani ba. Inhelata tana cikin akwatin lefe, in ciwon ya taso da dare sai in lallaɓa banɗaki in shaƙa. Tunda sanyi ya shigo kusan kullum sai na farka gab da asuba, kuma inhelar Ventolin ɗaya ba ta kai mini wata. Wani mai kemis yana haɗa mini wasu ƙananan ƙwayoyi, ina jin daɗinsu amma fuskata ta fara cika. Maigida mutum ne mai son ƙamshi, kullum sai na sa turaren wuta kafin ya dawo. Yayata ta ce in rage inhela don jiki yana sabawa da ita. Ga shi ina son haihuwa, ina tsoron kada magani ya taɓa ciki. Anti ya zan yi?

Ƙanwarki daga Rijiyar Zaki

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba ki lafiya, ya sa albarka a auren.

Sau uku na karanta wasiƙarki, kowane karo a banɗakin nan nake tsayawa. Ƙarfe huɗu na dare, ƙirji ya ɗaure, kin buɗe akwati a hankali kada zif ya yi ƙara, kin shige banɗaki, kuma na tabbata har sakata kike sawa. Mutum ɗaya ne a gidan da zai iya ɗaukar ki zuwa asibiti, shi ne kuma kike ɓuya daga gare shi. Ranar da inhelar ta ƙi aiki, ko ta ƙare ba ki sani ba, me zai tarar in ya ɓalle ƙofar? Matarsa a zube tana kokawa da numfashi, baki ya ƙi magana, shi kuma bai san sunan abin da yake gani ba.

Na yi shekaru ina aikin nas, na ga irin wannan daren. An taɓa kawo mana wata yarinyar mata bayan an ɓata kusan awa biyu a gida. Mijinta da mahaifiyarsa sun ga tana fizge-fizge, idanu sun firfito, ba ta amsa magana, sai suka ɗauka iska ce ta buge ta. Suka zuba garwashi a kasko, suka barbaɗa habbatus sauda, suka lulluɓe ta da bargo don hayaƙin ya shige ta sosai. Ba mugunta ba ce, iyakar saninsu ke nan. Allah ya yi da sauran shan ruwanta. Abin da na kasa mantawa shi ne mijin, zaune a kan benci ya dafe kai, yana ta maimaita magana ɗaya: me ya sa ba wanda ya gaya mini?

Saboda haka kafin maganar magani, maganar maigida ce a gaba. Ba zan yi miki alkawarin ba zai ji haushi ba. Yana da hakkin ya ji, wata bakwai ba kwana bakwai ba ne. Da an tambaye ni tun lokacin baiko da na ce a faɗa, amma wancan ya wuce, kuma ba na ganin baƙin Umma. Ta ga abin da ya sami 'yar maƙwabta, tsoro ya kama ta, ta yi abin da uwa ke yi. Sai dai barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Ki fara kiran Umma ki gaya mata za ki faɗa, don kada maganar ta same ta daga sama. A gaban miji kuma kada ki ce Umma ce ta hana, za ki sauke nauyi daga kanki ki ɗora a tsakanin suruki da suruka, wanda ya fi wuyar saukewa. Ki ce tsoro ne ya hana ki, gaskiya ce ai.

Ki zaɓi ranar da kike lafiya ƙalau, ya ci ya ƙoshi, ba baƙi a gidan. Ki zo da inhelar a hannunki ya gan ta, ya juya ta, ya ga ba wani abin al'ajabi ba ne. Tambayoyin da za su zo ransa, ko bai furta ba, na san su. Ana ɗauka? Ba a ɗauka, ko ƙoƙo ɗaya kuke shan ruwa. Tana hana haihuwa? Ba ta hanawa. 'Ya'ya za su gada? Tana bin jini a wasu gidajen, amma da yawa masu asma sun haifi 'ya'yan da ba su da ita. In mai kallon ƙwallo ne, ki tuna masa David Beckham da Paul Scholes, dukkansu da asma suka yi shekaru suna gudu a filin Manchester United. Sannan ki roƙe shi abu ɗaya, ya raka ki asibiti. Na lura maganar da namiji zai yi gardama da matarsa a kai, in mai farar riga ya faɗa sai ya gyaɗa kai. Batun sanar da Hajiyarsa ki bar masa, shi ya san mahaifiyarsa.

To, mu dawo kan inhelar. Ventolin ɗaya feshi 200 ne a cikinta. In ba ta kai miki wata, kina shaƙar feshi bakwai ko fiye a kowace rana ke nan. Ma'aunin da likitoci ke amfani da shi kuwa, wanda ke buƙatar shuɗiyar inhela, irin Ventolin ɗin nan taki, fiye da sau biyu a sati, ko ciwon ke tashinsa daga barci, to asmarsa ba ta kwanta ba. Wanda ke ƙarar da guda uku ko fiye a shekara ma ana lissafa shi cikin masu hatsarin mummunan tashi. Ke kuma a yadda kike tafiya za ki haura goma sha biyu.

Dalilin shi ne rabin magani kike sha. Asma abu biyu ne a haɗe. Hanyoyin iskar da ke cikin huhu suna da nama a kewaye da su, in ƙura ko hayaƙi ko sanyi ya taɓa su sai naman ya tsuke, shi ne ɗaurewar ƙirjin da fiton da kike ji. Shuɗiyar inhela, wadda sunan maganin cikinta salbutamol, wannan tsukewar kaɗai take saki, cikin 'yan mintoci, ta riƙe ki kamar awa huɗu. Amma a ƙarƙashin wannan akwai kumburi a cikin hanyoyin, da majina mai kauri, kuma yana nan ko a ranar da kike jin garau. Shuɗiyar ba ta taɓa shi. Kamar mai ɗakin da ke yoyo ne, kullum tana tara roba tana zubarwa, kwanon rufi kuwa ba a hau an duba ba. Farkawar asuba ma daga nan take, domin hanyoyin iska sun fi tsukewa a ƙarshen dare, sanyin hunturu kuma ya ƙara.

Maganin kumburin wata inhelar ce daban, ta rigakafi, wadda ake shaƙa kullum, yawanci safe da dare, ko da ciwo ko babu. A jikin kwalinta za ki ga an rubuta beclometasone ko budesonide ko fluticasone, wani lokaci a haɗe da wani maganin kamar yadda yake a Seretide da Symbicort. Tun 2019 ƙungiyar GINA, wadda ke fitar da ƙa'idar kula da asma da likitocin duniya ke bi, ta daina yarda a riƙe baligi da shuɗiyar inhela ita kaɗai. Abin da ke sa mutanenmu watsar da ta rigakafin shi ne ba a jin aikinta nan take. Mutum zai shaƙa kwana uku, ya ce wannan ba ta da ƙarfi, ya jefa ta cikin durowa. Sai an yi sati biyu zuwa huɗu ake fara gane barci ya daidaita. Daga nan kuma sai tarko na biyu, a ce ai an warke, a daina. Kada ki daina, kada ki rage, sai likitan ya ce. Kuma duk sanda kika shaƙa ki kuskure baki ki zubar, don kada ta sa miki fararen ƙuraje a baki ko murya ta dishe.

Yayarki ta hango wani abu na gaskiya amma ta ba shi sunan da ba nasa ba. Inhela ba ƙwaya ba ce, ba ta kama jiki yadda kayan maye ke yi. Yawan buƙatarta alama ce ta kumburin da aka bari ba magani. In kika rage ta alhali ƙirji na ɗaure, azaba kawai kika ƙara wa kanki da hatsari. In kumburin ya kwanta, da kanki za ki ga shuɗiyar ta yi wata da watanni a jaka ba ki neme ta ba.

Ƙananan ƙwayoyin nan na kemis su ne abu na biyu da ya tayar mini da hankali. Daɗin da kike ji da cikar fuska, su biyun a tare, kamannin dexamethasone ne, wadda ake ce wa deksa, ko 'yar'uwarta prednisolone. Su ne dai ake cusawa cikin haɗin ƙiba da 'yan mata ke sha. Suna kwantar da asma, ba ƙarya, shi ya sa likita ke ba da su na kwana biyar zuwa bakwai in ciwo ya yi tsanani. Amma shan su wata da watanni yana jawo hawan jini, ciwon suga, laushin ƙashi, fata ta yi ta tsagewa, jiki ya kasa yaƙar cuta. Ki kula da wannan da kyau: in kin haura sati biyu zuwa uku kina sha, kada ki yanke rana ɗaya, domin jiki ya rage yin nasa sinadarin, yankewar gaggawa tana iya kayar da mutum. Ki kwashi sauran a leda yadda suke ki kai wa likita, ki faɗi gaskiyar tsawon lokacin, shi zai tsara miki yadda za ki sauka a hankali. Za ki ji an ce ai inhelar rigakafin ma danginsu ce. Haka ne, sai dai ita ɗan mitsitsi ne ke tafiya kai tsaye cikin huhu, ƙwayar kuwa duk jini take zagayawa.

Tunda muna maganar kemis, duk inda za a ba ki magani ki fara da cewa kina da asma. Asfirin, ibuprofen da diclofenac, waɗanda mata ke sha don ciwon mara, suna tayar wa wasu masu asma da ciwo sosai. In ba ki tabbatar kina sha lafiya ba, ki tsaya a farasitamol. Propranolol da danginsa, da ake bayarwa don hawan jini ko bugun zuciya, su ma ba na mai asma ba ne.

Asibiti kuwa, kina Kano, ba ki da uzuri. Ga Asibitin Malam Aminu Kano a titin Zariya, ga na Murtala, ga na Nassarawa. Ki yanki kati, ki nemi a haɗa ki da likitan ƙirji, ki je da inhelarki da ƙwayoyin da kuma maigida. Za a iya sa ki hura iska cikin wata na'ura don a auna yadda hanyoyin suka tsuke. In akwai tari da ya wuce sati biyu tare da rama, zazzaɓin dare ko jini a kaki, ki faɗa a duba tarin fuka, gwajinsa da maganinsa kyauta ne a asibitin gwamnati. Na san layi, na san za a iya ba ki rana mai nisa. Ki daure.

Na kuma san kuɗi. Tun da kamfanin GSK mai yin Ventolin da Seretide ya sanar a Agustan 2023 cewa zai daina harkarsa kai tsaye a Najeriya, ga kuma faɗuwar naira, farashin inhela ya yi tashin da ya sa mutane da yawa komawa ƙwaya. Ki gaya wa likita ƙarfin aljihunku ba kunya. Ventolin sunan kasuwa ne, akwai salbutamol na wasu kamfanonin, haka ma na rigakafin. Ki saya a babban shagon magani mai rajista, ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. In maigida ma'aikacin jiha ne, ku bi ta tsarin taimakekeniyar lafiya na KSCHMA. Sannan ku zauna ku yi lissafi: inhela goma sha biyu a shekara, da ƙwayoyin kemis, da daren da za a kwana a gadon asibiti ana ƙarin iska. Ta rigakafin ce mai arha.

Akwai kuma yiwuwar rabin feshin da kike yi a banɗakin nan a harshe da maƙogwaro yake tsayawa, musamman da yake cikin sauri da tsoro kike yi. Na ga mutanen da suka shekara goma da inhela ba wanda ya taɓa nuna musu yadda ake yi. A girgiza ta, a fitar da numfashi, a kama bakinta da leɓe, a fara jan iska a hankali sannan a danna sau ɗaya, a ci gaba da ja, a riƙe kamar daƙiƙa goma. Haɗa dannawa da ja shi ne ke ba mutane wuya, shi ya sa ake amfani da wata 'yar roba da ake sawa tsakanin inhela da baki, maganin ya taru a ciki ki ja shi a nutse. Ana sayar da ita, in ba ki samu ba robar ruwa ta rabin lita tana yi: a huda gindinta daidai bakin inhelar yadda zai shiga ba zubar iska, ki kama bakin robar, ki danna sau ɗaya, ki yi numfashi huɗu ko biyar a ciki. A wanke ta da ruwan sabulu a bar ta ta bushe da kanta. Wannan na inhelar feshi ne kawai, masu gari a ciki ba sa buƙata. Wani abin da ke yaudara, inhela tana ci gaba da yin fis ko magani ya ƙare, don haka ki rubuta ranar da kika buɗe ta a jikinta, ki riƙa ƙirga. Kada a bar ta a mota ko a rana, kin san zafin Kano a watan Afrilu.

Yanzu turaren wuta. Na san ba ƙaramin abu nake taɓawa ba. Amaryar Kano da ɗakinta ba ya tashin ƙamshi, kafin la'asar maganar ta kai gidan surukai. Ni ma da kasko na tashi, har yau in na shiga ɗakin da aka turara raina yana daɗi. Amma ki dubi yadda ake yi: a rufe taga, a saki labule, a zuba turare a garwashi, a bar hayaƙin ya kama kafet da kujeru da katifa, wani lokacin ma a tsuguna a kai. Ke kuma a cikin wannan ɗakin za ki kwana da huhu mai kumburi. Ina da yaƙinin wani kaso na farkawar asubarki daga kaskon magariba yake. Hayaƙi hayaƙi ne, ko na sandal ne ko na bola, huhu bai san tsadarsa ba.

Wannan ma wani dalili ne na faɗa wa maigida, domin muddin bai sani ba dole ki ci gaba da kunna wuta. In ya sani, ƙamshi bai ƙare ba. Kayansa za a iya turara su a tsakar gida a kan kabbasa, wani ya yi ba ke ba, a bar su su sha iska kafin a shigo da su. Humra da turaren mai ba su da hayaƙi, ki gwada ɗan kaɗan a gefen zane ki ga yadda ƙirjinki zai karɓa, don wasu ko ƙarfin ƙamshin yana taɓa su. Kada ki maye kasko da turaren fesawa na gwangwani ko na tsinke, gudun gara ne a faɗa zago. In gwaggonni sun zo sun ce ina ƙamshin amarya, ki ce likita ya hana hayaƙi, ki kawo musu lemo.

Ɗakin kansa, na san yadda aka yi miki jere: kafet bango da bango, labule mai nauyi hawa biyu, tarin filalla na ado. Duk ma'ajiyar ƙura ne, kuma daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar garin nan ko ta ramin makulli sai ta shigo. Ban ce ki kwashe kayan da iyaye suka sha wahala a kai ba. Ɗakin barci kawai ki sauƙaƙa, a naɗe kafet ɗinsa in ƙasan tayil ne ko siminti mai kyau. Shara da busasshiyar tsintsiya tayar da ƙura ce ba kwashewa ba, ki koma jiƙaƙƙen tsumma da mofa, in dole sai tsintsiya a yayyafa ruwa, ki sa takunkumi. Bargon da aka fito da shi daga ajiya a wanke a shanya kafin a rufa. Maganin sauro na kunnawa da fiya-fiya ki sallame su, gidan sauro ya ishe ku, in sabo ne a shanya shi a inuwa kwana ɗaya. Gawayi da suyar attaruhu a fili, ba cikin rufaffen kicin ba. Kaskon jin ɗumi a rufaffen ɗaki kuwa, wannan ko mai lafiyayyen huhu yana kashewa. Janareto ya yi nesa da tagar ɗakin barci, naku da na maƙwabci in ana iya roƙonsa.

In za ki fita da sassafe a ranar hazo, ko za ki hau adaidaita sahu ki bi cunkoson Kabuga ko ki shiga Kantin Kwari, ki rufe hanci da baki, takunkumi a ƙarƙashin mayafi ko niƙabi, inhela a jaka. Amma kada ki mayar da kanki majinyaciya. Za ki ji an ce ki bar ƙwai, kifi, gyaɗa, madara, ayaba, har sai an bar ki da tuwo da miyar kuka. In ba ke kika lura wani abinci yana tayar miki ba, ci abinki. Ki sami ɗan littafi ki riƙa rubuta ranar da ciwo ya motsa da abin da kika yi kafin nan. Bayan wata ɗaya za ki san abokan gabarki da sunansu, har da ko yana ƙaruwa gab da al'ada, wanda yakan faru ga wasu mata. Zuma, addu'a, rubutu, ba ni da ja da su, a haɗa da magani. Masu lasifika a bakin kasuwa da ke rantsuwar raba mutum da asma har abada, ki riƙe kuɗinki. Asma ana kwantar da ita ne har mutum ya manta yana da ita, kuma duk maganin da aka ce a yi hayaƙinsa ki guje shi.

Batun ciki, ki kwantar da hankalinki. Inhelar rigakafi da shuɗiyar duka ana ci gaba da su da juna biyu, an daɗe ana yi. Abin da ke cutar da ɗan ciki shi ne uwa ta rasa iska, domin daga numfashinta yake samun nasa. Kuskuren da na fi gani shi ne mace ta ga wata ya wuce, ta ajiye magani a ɓoye don tausayin jariri, sai a kawo ta a wata na shida ko na bakwai tana haki. Ki daidaita asmar tun yanzu, ki rabu da ƙwayoyin kemis, ranar da kika fara awo kuma maganar farko ki ce kina da asma. In azumi ya zo, ta rigakafin tana shiga tsarin sahur da buɗa-baki ba wata matsala. Shuɗiyar da rana malamai sun saɓa, irin su Ibn Baz da Ibn Usaimin sun tafi a kan ba ta karya azumi, wasu sun ce a rama. Ki tambayi malamin da kika yarda da shi tun kafin watan, amma ba wanda ya ce a zauna numfashi na sarƙewa ana jiran kiran salla.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ga abin da nake so ki rubuta a takarda ki manna a cikin murfin wardirob, maigida ya karanta har ya haddace. In ciwo ya taso da ƙarfi a zaunar da ke, kada a kwantar. Feshi ɗaya na shuɗiyar ta cikin robar, bayan rabin minti zuwa minti ɗaya a ƙara, har zuwa goma in da buƙata. In an kai goma ba sauƙi, ko kin kasa ƙarasa magana ɗaya ba tare da tsayawa jan numfashi ba, ko leɓe da farce sun canza launi, ko kin fara gyangyaɗi da ruɗewa, ko fiton ya yi shiru alhali wahalar na ƙaruwa, to mota kawai, ana tafiya ana ci gaba da feshi. Ba a tsaya kemis a yi allura, ba a jira gari ya waye, ba a kunna komai. Ko an sami sauƙi, in bai kai awa huɗu ba ya dawo, ranar za a ga likita. A ƙasan takardar ki sa lambar maƙwabci mai mota da ta wani mai adaidaita da kuka sani yana ɗaga waya da dare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 262 ke da asma a 2019, ta kuma kashe 455,000 a shekarar, mafi yawansu a ƙasashe irin tamu, kuma waɗanda na gani da idona jinkirin gida ne ya fi cin su.

Ki sake rubuto mini bayan wata biyu. Ina son jin dare nawa kika farka, feshi nawa kika yi, da abin da maigida ya ce. Yau da dare kuwa, ko bakinki bai buɗe masa ba tukuna, ki ciro inhelar daga akwatin ki sa ta ƙarƙashin matashinki, banɗakin kuma kada ki sa masa sakata.